Samfefa mai tsada da mai araha: wacce ce ta fi cin kuɗinka?

Ka shiga shagon masu sayar da kayan kafintoci, ka ce a ba ka samfefar inji, irin zagayayyen faifan nan da ake mannawa a ƙasan injin goge katako. Mai shago ya ajiye maka kala biyu a kan kanta. Faɗinsu ɗaya, hujojinsu ɗaya, lambar da ke bayansu ma ɗaya ce, a ce P80. Amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan sau uku ko huɗu. Ka tambayi dalili, ya ce, "Oga, wannan ai orijinal ne." Iyakar bayanin da za ka samu ke nan.

Ga wanda zai goge teburi ɗaya a shekara, wannan ba wata magana ba ce. Amma ga kafintan da ke cinye fakiti a mako, ko mai gyaran jikin mota, ko mai walda, kuɗi ne na gaske ke fita kullum ba tare da an lura ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, to amma ba kowace tsada ce ke biyan kuɗinta ba. Abin da nake so ka fita da shi daga wannan rubutu shi ne: kafin ka tambayi kuɗin faifai, ka fara sanin abin da ke kashe faifanka. Akwai hanyoyi uku da samfefa ke mutuwa, kuma ƙarin kuɗin da kake biya ba dukansu yake magani ba.

Da farko, me ke jikin faifan?

Abu na farko da zai ba ka mamaki shi ne, samfefar inji ta yau babu yashi a jikinta. A da can an yi amfani da yashi da niƙaƙƙen gilashi, kuma a nan Afirka ta Yamma masassaƙa sun daɗe suna goge aikinsu da ganyen wani nau'in ɓaure mai kaushi, wanda masana tsirrai ke kira Ficus exasperata. Amma yashi yana saurin dakushewa, don haka aka koma wasu ma'adinai da suka fi shi tauri.

A shekarar 1812 wani Bajamushe masanin duwatsu, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai daga 1 zuwa 10 gwargwadon wanda ke iya karce wani. Ma'adinin da ya fi yawa a cikin yashi yana kan 7. Daimon ne ke kan 10. A kan 9 kuwa akwai korandam, wanda shi ne aluminiyam oksaid a harshen masana sinadarai. Asalinsa ɗaya da yaƙutu, launi da tsabta ne kawai suka raba su. Mafi yawan samfefar da ke kasuwa, mai ruwan ƙasa ko ja ko rawaya, da aluminiyam oksaid aka yi ta. Ba haƙo shi ake yi a haka ba: ana narka ma'adinin bokzait ne a tanderun lantarki, a zafin da ya haura digiri 2,000, a bar shi ya huce, a farfasa, a tankaɗe.

Baƙar samfefar nan kuwa da masu fentin mota ke jiƙawa da ruwa, silikon kabaid ce. Wani Ba'amurke, Edward Acheson, shi ya gano yadda ake haɗa wannan sinadari a 1891. Ya ɗan fi aluminiyam oksaid tauri da kaifi, sai dai yana saurin karyewa. Ita kanta samfefar da ruwa ba ya lalatawa, kamfanin 3M ne ya fito da ita kasuwa a 1921. Labarin kamfanin ma abin dariya ne: an kafa shi a 1902 a jihar Minnesota da nufin haƙar korandam, daga baya aka gane dutsen da suke haƙa ba korandam ba ne, wani dutse ne da bai da taurin da ake bukata. Ka ga ke nan sayen samfefa a kan zato ba yau aka fara ba.

Ƙwayar ma'adinin nan ita ce haƙorin faifai. Amma ba ita kaɗai ba ce. Akwai bayan da aka shimfiɗa ta a kai, takarda ko yadi ko siririyar roba ko raga. Akwai gam hawa biyu: na farko wanda ƙwayar ke tsayawa a ciki, na biyu wanda ake shafawa a sama don ya riƙe gindinta. Wani lokaci akwai shafi na uku da zan yi maganarsa a gaba. Sannan akwai gashin da ke can baya, wanda ke kama farantin inji kamar yadda ƙarangiya ke kama bakin wando. Wannan kwatance ma ba nawa ba ne: wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, daga irin wannan ƙaya mai maƙalewa a tufafi ya samo dabarar da aka sani da Velcro. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hawa-hawa wuri ne da masana'anta za ta iya rage kuɗi, kuma kai da ke tsaye a gaban kanta ba za ka gani da ido ba.

Mutuwa ta farko: dakushewa

Ka ɗauki kowace ƙwaya a matsayin ƙaramin bakin gizago. Idan tana da kaifi, yankan katakon take yi, ta ɗauke siririn sassaƙe. Idan bakinta ya mutu, sai ta koma turawa da gurza, kamar mai yanka nama da bayan wuƙa. Aikin ba ya ci, sai zafi. Shi ya sa idan faifai ya mutu za ka ji katakon ya yi ɗumi, ka ga yana ƙyalli alhali bai yi santsi ba, kai kuma ka fara danna injin da ƙarfi ba ka sani ba.

Za ka iya cewa, ta yaya katako mai laushi zai dakushe abin da ke kusa da daimon wajen tauri? Yawan maimaici ne. Injin nan mai kewayawa yana karkarwa, irin mai faifan milimita 125, yana iya yin kewaye kusan 12,000 a minti ɗaya. Cikin minti goma, kowace ƙwaya ta sari katako fiye da sau dubu ɗari. Ga shi kuma wasu itatuwan da nasu makamin a ciki. Katakon tik yana ɗauke da ɓurɓushin silika, wato dangin yashi. Loko, wanda 'yan katako ke kira iroko, yakan zo da wani tauri kamar dutse a cikin jijiyarsa. Katakon MDF cike yake da busasshen gam. Ƙara da ƙurar hunturu da ta kwanta a kan katakon da aka jingine a waje: yashi ne zalla, kuma faifanka ne zai fara cin karo da shi.

A nan ne faifai mai tsada ke da abin faɗa. Ka san dutsen niƙa idan ya yi santsi ba ya cin hatsi, sai an sa makoɗi an koɗa shi ya sake yin kaushi. To, ƙwayar siramik, wadda ita ce ke cikin mafi yawan faya-fayai masu tsada, tana yawo ne da makoɗinta a jiki. Ita ma aluminiyam oksaid ce, amma ba ta hanyar narkawa da farfasawa aka yi ta ba. Ana dama sinadarin ne kamar kunu mai kauri, a busar, a gasa. Sakamakon haka kowace ƙwaya ɗaya ta ƙunshi ɗimbin ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, manne da juna. Idan bakinta ya fara mutuwa, ƙarfin da ke kanta sai ya ƙaru, sai ɗan ƙaramin yanki ya ɓalle, sabon kaifi ya bayyana a ƙarƙashi. Ita kuwa ta gama-gari, dunƙule ɗaya ce: ko dai ta mulmule ta yi santsi, ko ta fashe gaba ɗaya.

Kamfanin 3M ya fara sayar da irin wannan ƙwaya da sunan Cubitron a 1981. A 2009 suka fito da Cubitron II, inda maimakon a farfasa ƙwayar ta fito kowace da siffarta, ana zuba ta ne a ma'auni ta fito da kusurwa uku, duk iri ɗaya. Sauran manyan kamfanoni irin su Norton da Klingspor da Mirka kowa yana da tasa siramik ɗin. Akwai kuma zakoniya, wadda takan zo da launin shuɗi ko kore, tana tsakiya wajen kuɗi, masu aikin ƙarfe sun san ta sosai.

Amma ga sharaɗin da mai shago ba zai gaya maka ba. Wannan ɓallewa da ke sabunta kaifi tana bukatar abin da ake gogewa ya yi gardama. A kan ƙarfe, ko maɗaci, ko loko, musamman da lamba mai kaushi kamar P40 zuwa P80, ƙwayar tana samun ƙarfin da zai sa ta yi abin da aka ƙera ta dominsa. A kan farin katako mai laushi, da hannu sakwa-sakwa, bambancin yana raguwa, domin ita ma ta gama-garin ba wani wahala take sha a nan ba.

Akwai wani abu kuma da ya shafi yadda aka dasa ƙwayar. Ka tuna wasan da muke yi a firamare, a goga biro a gashin kai a ɗauki guntun takarda da shi? Da irin wannan ƙarfin lantarki masana'antu ke sa ƙwayoyin su yi tsalle su maƙale a jikin gam a tsaye, tsininsu na kallon waje. Idan barbaɗa su kawai aka yi, da yawa za su kwanta a kan gefensu, kuma ƙwayar da ta kwanta ba ta yanka, ko da sabuwa ce fil.

Mutuwa ta biyu: toshewa

Wannan ita ce wadda ta fi cinye kuɗin mutane a banza. Ka sa sabon faifai a kan tsohuwar ƙofa mai fenti. Minti uku bai cika ba ya daina ci. Ka juyo shi, ka ga ɗigo-ɗigon fenti sun daskare a jikinsa kamar cingam. Ƙwayoyin suna nan da kaifinsu, ko ɗaya bai mutu ba, an dai binne su ne. Zafin gurza ya narka fentin, ko banish, ko ƙaron da ke jikin itacen, ya haɗu da ƙura ya cike ramukan da ke tsakanin ƙwayoyi.

A irin wannan aiki, idan ka sayi siramik mai tsada saboda taurin ƙwayarta, ka biya kuɗin abin da ba za ka mora ba. Da ita da mai araha duk a minti uku ko biyar za su toshe. Abin da ke taimako a nan daban ne, kuma abubuwa uku ne.

Na farko tazara. Akwai faifan da aka cika fuskarsa da ƙwaya dam, akwai wanda aka rufe kamar kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari kawai, aka bar fili don ƙura ta samu wurin fita. Na biyun nan ya fi dacewa da fenti da katako mai ƙaro. Na biyu shi ne shafin nan na uku da na ambata ɗazu. Idan ka ga faifai da wani fari-fari kamar an barbaɗa masa hoda, ba tsufa ya yi ba. Sinadarin sitiyaret ne, wani nau'in sabulu da ba ya narkewa a ruwa, aikinsa ya hana ƙura mannewa. Na uku kuwa hujoji. Idan hujojin faifai ba su dace da na farantin injinka ba, injin ba zai zuƙe ƙurar ba, za ta ci gaba da yawo a ƙarƙashi har ta dunƙule. Na sha ganin an sayi faifai mai kyau an manna shi a karkace, hujojin sun rufe. Asara ce tun kafin a kunna inji.

Don kauce wa wannan ne kamfanin Mirka na ƙasar Finlan ya yi suna da faifan Abranet, wanda gaba ɗayansa raga ce, ƙura na iya wucewa ta ko'ina. Idan ya toshe sai ka ɓamɓaro shi ka kakkaɓe ka mayar. Sai dai fa amfaninsa yana cika ne idan akwai abin da ke zuƙar ƙurar. Idan injinka jakar ƙurarsa ta yage tun bara an jefar, rabin kuɗin ragar ya tafi a iska. Kuma yana so a sa masa siririn matashi tsakaninsa da farantin inji, in ba haka ba ƙananan ƙugiyoyin farantin za su leƙo ta cikin ragar su cinye.

Shawarata a kan tsohon fenti mai kauri: kada ma ka fara da samfefa. Kankare shi tukuna da makankari, sannan ka bi sauran da faifai mai araha, mai tazara, kana canzawa ba tare da jin zafin aljihu ba. Idan kuma ƙurar katako ce kawai ta toshe faifai ba narkakken fenti ba, guntun ɗanyen roba, irin na tafin wasu takalma, idan ka ɗan taɓa shi da faifan yana juyawa, yakan fitar da ita.

Mutuwa ta uku: zubewa da yagewa

Wannan ba ta bukatar dogon bayani, duk wanda ya taɓa sayen samfefar banza ya san ta. Ka shafa da yatsa, ƙwayar na zuba. Ko ka bi gefen katako, takardar ta yage. Ko gashin baya ya saki, faifan ya yi fiffike ya bar injin. Matsalar gam ce da baya. Gam irin na dā da ake dafawa daga fatar dabbobi yana laushi idan ya ji zafi ko danshi. Na roba da manyan kamfanoni ke amfani da shi yana jurewa. Shi ya sa faifan da ya yi maka aiki da rani zai iya ba ka kunya a watan Agusta, idan an bar shi a buɗe ya sha iskar damina. Ka riƙa ajiye su a leda ko a kwalinsu, a kwance.

A nan ne mafi arahar da ke kasuwa, wadda ba ta da suna ko lamba mai kyau a bayanta, take faɗuwa warwas. Amma ka lura: ba sai ka hau can ƙololuwa ba kafin ka tsira daga wannan. Faifan aluminiyam oksaid na tsaka-tsaki daga kamfanin da aka sani ya riga ya warware matsalar gam. Tazarar da ke tsakanin na banza da na tsakiya ta fi girma a kan wadda ke tsakanin na tsakiya da na ƙololuwa. Idan kuma tsohon katako ne mai ɓoyayyun ƙusoshi kake gogewa, ka sani ƙusa ba ta tambayar farashi.

Wuri ɗaya ne ba na yarda a yi ciniki da shi. Kafintoci da masu walda da yawa a wajenmu da injin gurza ƙarfe suke goge aiki, su ɗaura masa faifan samfefa. Ƙaramin injin nan mai faifan milimita 115 yana juyawa kusan sau 11,000 a minti. Idan ka lissafa, bakin faifan yana gudun kusan mita 66 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 240 a awa. Duk abin da ya ɓalle daga jikinsa da wannan gudun zai zo fuskarka. Faifan kirki za ka ga an rubuta iyakar gudun da zai iya ɗauka a jikinsa. Wanda ba a rubuta ba, ko wanda adadinsa bai kai na injinka ba, ko kyauta aka ba ka kada ka ɗaura. Kuma tabarau na kariya ba ado ba ne.

Lambar baya, da tabon da ba ya fitowa sai an shafa banish

Lambar da ke bayan samfefa daga rariya ta samo asali: kusan yawan ramukan da ke cikin inci ɗaya na rariyar da aka tankaɗe ƙwayar da ita. Shi ya sa ƙaramar lamba ke nufin kaushi, babba ke nufin laushi. Harafin P kuwa yana nuna an bi ma'aunin ƙungiyar masu ƙera kayan gurza ta Turai, FEPA. A wannan ma'auni ƙwayar P80 tana da girman kusan maikiron 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na milimita. P120 kusan 125, P180 kusan 82, P220 kusan 68, wato kamar kaurin silin gashin kai. Amurka tana da nata ma'aunin wanda ba ya ɗauke da P. Daga ƙasa har wajen 220 kusan tafiyarsu ɗaya, amma daga nan sai su rabu, har ta kai P800 ya yi kusan daidai da 400 na Amurka. Masu fentin mota su kula da wannan.

Abin da ma'aunin ke tabbatarwa ba matsakaicin girma kawai ba ne, har da cewa babu manyan ƙwayoyi da suka ɓuya a cikin ƙanana. Wannan na koye shi ne da wahala a ɗakin bincike. Kafin mu duba ɗan guntun ƙarfe a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai mun goge shi da samfefa hawa-hawa har ya koma kamar madubi. Ƙwaya ɗaya tak mai kaushi da ta faɗo kan takarda mai laushi ta isa ta ja layi a kan aikin awa guda, dole ka koma baya ka sake. Haka yake a kan teburinka. Faifan da ba a tankaɗe shi da kyau ba, ko da an rubuta masa 180, idan akwai 'yan ƙwayoyi masu girman 100 a ciki, za su bar wasu ƙananan zane masu murɗe-murɗe kamar sawun tsutsa. A kan busasshen katako ba za ka gan su ba. Sai ka shafa banish ko launi, su fito raɗau, a lokacin da gyara ke nufin kankare komai. Idan teburin na amarya ne kuma gobe za a zo ɗauka, ka san abin da nake nufi.

Don adalci, ba kullum laifin faifai ba ne. Dunƙulen ƙura a ƙarƙashin faifai, da jan inji da sauri, da tsallake lamba daga 80 kai tsaye zuwa 220, duk suna haifar da irin wannan tabo. Aikin kowace lamba shi ne ta goge karcen wadda ta gabace ta. 80, 120, 180 tafiya ce mai kyau ga yawancin kayan ɗaki.

To, bari mu yi lissafi

Alƙaluman nan misali ne kawai na ƙirƙira don a ga yadda lissafin yake, kai ka sa na garinku. A ce mai araha naira 200 ne, mai tsada naira 800. An kawo maka sababbin ƙofofi goma na maɗaci. Da mai araha ka cinye faifai 15 cikin awa biyar: naira 3,000. Da mai tsada ka cinye biyar cikin awa uku da rabi: naira 4,000. Idan kuɗin faifai kawai ka duba, mai araha ya ci. Amma ƙarin naira 1,000 ɗin nan awa ɗaya da rabi ya saya maka. Yanzu ka tambayi kanka: da wutar NEPA kake aiki ko da janareta? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, awa ɗaya da rabi ta janareta ba abin wasa ba ce. Ga ladan yaron da ke riƙe da injin, ga aikin da ke jira a layi. Ga mai sana'a, a irin wannan aiki, mai tsadar ne ya fi araha.

Yanzu juya misalin. Ƙofofin tsofaffi ne masu fenti hawa uku, kowane faifai minti biyar yake yi ya toshe, mai tsada ko mai araha. Lokacinka bai ragu ba, kuɗin faifanka ya ninka huɗu. Ko kuma kai ba mai sana'a ba ne, kujera ɗaya kake gyarawa ranar Asabar, ba wanda ke jiranka. Fakitin tsakiya ya ishe ka har ya yi saura.

Akwai wata asara kuma ta ɓoye da ke tattare da abu mai tsada: mutum ba ya son jefar da shi. Sai ka ga faifai ya mutu tun ɗazu amma ana ta fama da shi saboda an tuna kuɗinsa. Mataccen faifai yana ƙona katako, kuma zafinsa yana narka ƙugiyoyin farantin inji, wanda kuɗinsa ya fi na faifai nesa ba kusa ba. Wasu kuma suna cewa tsohon 80 ai ya zama 120. Bai zama ba. Dakusasshen 80 ne kawai, yana murza katako maimakon yanka, kuma wurin da aka murza ba ya shan launi daidai da sauran.

Idan da ni ne ke riƙe da kuɗin shagon, a kan lambar farko mai kaushi zan kashe su, domin ita ce ke ɗaukar mafi nauyin aikin, kuma a nan ne siramik ke nuna kanta. Lambobin gaba kuwa na tsakiya daga sanannen kamfani sun wadatar, tunda abin da ake nema a wurinsu shi ne tankaɗe mai kyau, ba jarumta ba.

Ƙurar da ba a sa wa farashi

Akwai wani ɓangare da ba ya shiga lissafin naira. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam, musamman na cikin hanci, kuma an fi ganin haka ga masu aiki da katako mai tauri shekara da shekaru. Ban da asma da ƙaiƙayin fata da wasu itatuwa, ciki har da loko, ke tayarwa. Tsohon fenti kuma yana iya ɗauke da dalma, wadda ƙurarta ke illa ga ƙwaƙwalwar yara, kuma a jikin rigar aiki take bin mutum har gida. Faifan da ke gama aiki da wuri kuma yake barin inji ya zuƙe ƙura yana rage abin da kake shaƙa. Amma ba ya maye gurbin takunkumin ƙura na ainihi, kuma ɗaura hankici a hanci ba ya tare ƙananan ƙwayoyin da suka fi isa cikin huhu.

Gwada da kanka

Saura matsalar jabu. Kwali mai sunan babban kamfani ba shaida ba ne, kuma faifai mafi tsada a duniya shi ne na banzan da aka sayar maka da kuɗin na kirki. Tunda ido ba ya rarrabewa, gwaji ne zai raba gardama, kuma ba ya bukatar ɗakin bincike.

Sayi guda bibbiyu daga kowane iri, lamba ɗaya. Nemo katako ɗaya irin wanda ka fi aiki da shi, ka raba shi biyu, don kada bambancin itace ya ruɗe ka. Ka zana layukan fensir a duk fuskarsa. Kunna agogon wayarka, ka goge ba tare da dannawa ba, nauyin injin da na hannunka kawai, har zanen ya ɓace. Rubuta daƙiƙoƙin da ya ɗauka. Sake zanawa, sake gogewa da wannan faifan dai, ka yi ta yi kana rubutawa. Zagayen farko ba ya nuna komai, kusan kowane sabon faifai yana da kaifi a minti biyun farko. Abin dubawa shi ne zagaye na nawa ne lokacin ya ninka na farko. A nan faifan ya mutu. Raba kuɗinsa da yawan zagayen da ya yi, ka samu ainihin farashinsa.

Daga nan sai ka juyo mataccen faifan ka dube shi a hasken rana. Idan fuskarsa tsaf take amma ta yi santsi a yatsa, dakushewa ya yi, ƙwaya mai kyau za ta amfane ka. Idan cike yake da ɗigon fenti ko ƙaro, nemi mai tazara ko mai farin shafi ko raga, ka kuma duba hujojinka. Idan ya yi sanƙo a wasu wurare ko ya yage, canza kamfani. Kafin ka tashi, ɗan jiƙa tsumma da sinadarin tsarma fenti ka shafa a kan kowane rabin katakon, ka karkata shi ga haske. Duk wani sawun tsutsa da banish zai tona gobe, yanzu zai fito.